Manyan Motocin Zamani Da Zafin Bazara A Hanyar Boɗinga Zuwa Shagari

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar nan da ta tashi daga birnin Sakkwato, ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega, musamman a watannin Maris da Afrilu da Mayu, ba zai rasa cin karo da wani abu da a da ba a saba gani ba. Watau babbar mota ƙirar jif, sabuwa ful ko kuwa mai kama da sabuwa, tana tsaye a gefen kwalta, an ɗaga murfin injinta, tururi na tashi, direba na riƙe da galan yana tambayar inda rijiya take, mai motar kuwa ya fake a inuwar dogon yaro yana ta buga waya. Ana cikin haka sai ka ga wata tsohuwar a-kori-kura, wadda ta girmi direbanta, ta zo ta wuce su da lodin albasa har sama.

Idan ka tambayi dalili, amsar da za a ba ka guda ce, wai zafin Sakkwato ne. Ba a kuma yi ƙarya ba, domin a tsakiyar bazara zafin wannan yanki yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a kan kwalta da azahar. A bazarar 2024 ma abin ya kai intaha a ƙasashen Sahel, har garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5 a ranar 3 ga Afrilu. Amma fa in mun tsaya a nan, mun yaudari kanmu. Ire-iren waɗannan motoci su ne ke yawo a hamadar Saudiyya da Kuwait, inda zafi bai kasa namu ba, kuma can ne ma babbar kasuwar wasunsu. Aikin zafi shi ne tonon asiri: yana bayyana laifin da ya riga ya kwanta a cikin mota. A ganina laifin shi ne mun sayi motar zamani, amma ba mu sayi renonta ba.

Hanyar da muke magana a kanta tana da tarihi. A ƙasar Boɗinga Sifawa take, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, gaba kaɗan kuma ga garin Shagari, mahaifar marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983. Na kawo sunansa ne domin zamaninsa ya tuna mana da irin motar da ma'aikaci ya sani. A wancan lokaci Peugeot 504 ce motar ofis, ana harhaɗa ta a Kaduna a masana'antar da aka buɗe a 1975, sai kuma Volkswagen ɗin nan mai siffar ƙwaro da ake harhaɗawa a Legas, wadda ba ta ma shan ruwa, iska ce ke sanyaya injinta.

Ita Peugeot ɗin mota ce mai haƙuri ƙwarai. Gangar injinta baƙin ƙarfe ce, lagiretonta na tagulla ne, wanda in ya huje mai dalma zai liƙe shi a bakin kasuwa, in ya toshe a buɗe shi a zurara masa waya a wanke. Babu kwamfuta a cikinta. In ta tafasa a hanya sai a jira ta huce, a ɗebo ruwa a rijiya mafi kusa a ɗura mata, a ci gaba da tafiya. A kan wannan mota da ire-irenta ne manyan kanikawanmu suka koyi sana'a, su kuma suka koya wa yaransu, kuma daga gare ta ne direbobi suka gaji ɗabi'un da suke yi wa motar yau. To, kiɗa ya sauya, rawa ba ta sauya ba.

Yadda abin yake

Ya kamata mai karatu ya san cewa man da inji ke ƙonawa ba duka ne ke zama ƙarfin tafiya ba. Kimanin kashi ɗaya cikin uku ne ke juya ƙafafun mota, kashi ɗaya ya fita ta salansa, sauran kuwa zafi ne da ke shiga jikin ƙarfe, wanda tilas ruwa ya kwashe shi ya kai lagireto, iska ta ɗauke. Injin zamani an tsara shi ne ya yi aiki da zafin da ya kai digiri 90 zuwa 105 ko kusa da haka, domin a nan ne yake ƙona mai sarai, hayaƙinsa ya ragu. Ruwa zalla kuwa, kowane ɗan makaranta ya san yana tafasa a digiri 100. Abin da ke hana shi tafasa a cikin mota shi ne murfin lagireto, wanda ke matse ruwan kamar tukunyar da aka danne wa marfi, tare da ruwan maganin nan mai launi, ja ko kore ko ruwan hoda, da kanikawa ke kira kulant. In an haɗa su biyun, sai zafi ya haura digiri 120 kafin ruwan ya tafasa. Wannan 'yar tazara ita ce duk abin da ke tsakanin lafiyayyen inji da ƙonanne, kuma murfi guda da robarsa ta mutu, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ya isa ya share ta.

Sa'an nan kuma injin kansa ya sauya. Dokokin rage hayaƙi a Turai da Amurka da Japan sun sa kamfanoni suna ƙera ƙananan injuna suna ɗora musu turbo, watau wata 'yar fanka da hayaƙin salansa ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda domin ta cusa wa inji iska. Ko Land Cruiser, wadda manyanmu suka fi yarda da ita, da ta fito da sabon samfurinta na 300 a 2021, ta ajiye injin silinda takwas ta ɗauki mai silinda shida da turbo biyu. Ƙarfi ya ƙaru, amma zafin da za a kwashe ya taru a ƙaramin wuri. Galibin waɗannan injuna na alminiyam ne, shi kuwa alminiyam ba ya yafiya. In ya tafasa sau ɗaya da kyau, sai kan injin ya karkace, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Lagireton ma yanzu alminiyam ne da kawunan roba, robar kuwa takan bushe ta tsage bayan 'yan shekaru, mai dalma ba shi da abin yi da ita. Wani abin da direbobi da yawa ba su sani ba shi ne allurar zafi a motocin yanzu ba ta hawa a hankali kamar ta da. Takan zauna a tsakiya muddin zafin bai wuce iyaka ba, a wasu motocin ma babu allurar sam, sai wata 'yar fitila. In ruwa ya tsiyaye gaba ɗaya, na'urar da ke auna zafin takan rasa abin aunawa, sai inji ya ƙone alhali allura na nuna lafiya lau.

Yanzu mu koma ga galan ɗin da direban nan ke riƙe da shi. Ƙasar Sakkwato ƙasa ce mai dutsen farar ƙasa, shi ne ma dalilin kafa masana'antar siminti a Kalambaina, kuma a wurare da yawa ruwan rijiya da na burtsatse yakan ɗebo ma'adinai daga ƙasan da ya ratso. Kowace uwargida ta san farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar shayi. To, irin wannan ɓawon ne ke taruwa a cikin lagireto, wanda hanyoyin ruwansa a motar zamani sirara ne ƙwarai. Ban da toshewa, ruwa zalla ba shi da maganin tsatsa, saboda haka yakan ci famfon ruwa da jikin alminiyam a hankali. Mota ba ta nuna alama a watan farko ko na biyu. Sai an yi damina an yi ɗari ana ƙara mata ruwan rijiya, ranar da aka ɗauko ta da azahar ɗin Afrilu, da mutum bakwai da kaya, na'urar sanyaya ciki tana aiki, sa'an nan bashin ya taso. Abin takaici shi ne ruwan maganin na asali ba abu ne da ake saye kullum ba. Kamfanin Toyota ya ce nasa mai ruwan hoda yana kai kilomita 160,000 ko shekara goma kafin sauyin farko. Sai dai samun na asalin a Boɗinga ko Shagari ba shi da sauƙi, abin da ake sayarwa a wasu rumfuna kuma ruwa ne da aka zuba wa launi.

Babban abin da ya fi damuna shi ne maganar tamostat. Wannan wani ɗan bawul ne da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi ɗumi, sa'an nan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. Ya zama al'ada a ƙasar nan, daga Legas har Illela, da zarar mota ta shigo sai a cire shi a jefar, bisa hujjar wai na ƙasar sanyi ne. Hujjar tana da daɗin ji, amma ba ta da tushe. In babu shi, inji yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da sanyin hunturu, kwamfutar motar kuma sai ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara masa mai. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, ba sai an gaya wa ma'aikaci abin da ƙarin shan mai ke yi wa albashi ba. Bugu da ƙari, a injuna da yawa wannan bawul ƙofa biyu yake tsarewa: yayin da ya buɗe hanyar lagireto, yana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa a cikin inji kawai. In an cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, sai wani kashi na ruwan zafin ya riƙa komawa inji bai leƙa lagireto ba. Watau maganin da aka yi don hana tafasa shi ne ke kawo ta a ranar da aka fi bukatar sanyi. Ɗan'uwan wannan al'ada shi ne haɗa wayar fanka kai tsaye ta yi ta juyawa ba hutu, abin da ke kashe fankar da wuri, ya kuma ɓoye ainihin ciwon.

Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ƙwari su ma suna da nasu rabon, domin suna toshe gaban lagireto, musamman ga motar da ke sauka daga kwalta ta shiga ƙauyuka. Haka nan baƙin mai mai kauri da ake zuba wa injin da aka ƙera don mai ruwa-ruwa, da jabun mai, da gurɓataccen fetur irin wanda aka shigo da shi daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam a farkon 2022, wanda Kamfanin Mai na Ƙasa da kansa ya tabbatar yana ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙima.

Ba duka laifin namu ba ne

Adalci ya wajabta a faɗi cewa wasu motocin da ciwonsu suke fitowa daga masana'anta. Misali mafi kusa da mu shi ne na Afirka ta Kudu. Bayan da motoci ƙirar Ford Kuga da dama suka kama da wuta, har wani mutum ya rasu a cikin tasa a watan Disamba 2015, sai a watan Janairu 2017 kamfanin ya kira motoci 4,556 masu injin lita 1.6 domin gyara. Bayanin da ya bayar shi ne ruwa ba ya zagayawa yadda ya kamata, sai inji ya yi zafi, kansa ya tsage, baƙin mai ya zubo a kan ƙarfe mai zafi, wuta ta tashi. A 2019 hukumar kare masu saye ta ƙasar ta ci kamfanin tarar Rand miliyan 35. Ita wannan mota a Amurka Escape ake kiranta, kuma a watan Maris 2017 an kira motoci kimanin 230,000 masu irin wannan inji a Amurka ta Arewa saboda wannan dalili.

Kada kuma a ce abin na ƙananan motoci ne. A watan Mayu 2024 kamfanin Toyota ya kira motoci kimanin 102,000 a Amurka, ƙirar Tundra da Lexus LX na 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin inji tun wajen ƙira, daga bisani kuma ya ce zai sauya musu injin ɗungurungum kyauta. A watan Afrilu 2025 kamfanin General Motors ya kira kusan motoci 600,000 a Amurka masu injin lita 6.2, cikinsu har da Escalade da Tahoe da Suburban. Duk wanda ya taɓa tsayawa ayarin wani babba ya wuce ya san waɗannan sunaye ba baƙi ba ne a hanyoyinmu.

A can, in an yi irin wannan kira, takarda ce ke zuwa har gida, mai mota ya kai ta wurin dillali a gyara ba ko kwabo. To, wa zai rubuto wa mai mota a Shagari? Mafi yawan jif-jif ɗin da ma'aikata da 'yan kasuwa ke hawa 'yan Kwatano ne, ko da yake tun Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sunan dai ya zauna. Mota ta wuce hannu uku ko huɗu kafin ta iso, wata ma daga gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya aka sayo ta, kamfanin da ya ƙera ta bai san tana raye ba. Alhali kuwa abin da ake bukata kaɗan ne. Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka kuma tana da shafi a intanet inda kowa zai shigar da lambar, kyauta, ya ga ko akwai kiran da ba a amsa ba. Muna da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wadda dokarta ta fara aiki a 2019, muna da Hukumar Kwastan da kowace mota ke bi ta hannunta, muna da ofisoshin rajistar motoci a kowace jiha. Ban ga abin da zai hana a mai da duba wannan lamba sharaɗi kafin a ba mota lambar jiha ba.

Kuɗin jama'a

A ƙarshen 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce a kan manyan motocin da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya, inda jaridu suka ce kowace ɗaya daga cikin na Majalisar Wakilai ta kai kimanin Naira miliyan 160. Masu kare sayen sun kafa hujja da lalacewar hanyoyinmu da kuma ƙarkon motocin. An yi musu a kan farashi har aka gaji, amma ban ji an yi musu a kan wanda zai kula da su ba. Wannan giɓi yana nan a kowane mataki na gwamnati. Akan ware kuɗin sayen mota a kasafi, a yi bikin miƙa makullai, sa'an nan a bar direba da galan. Wanda ya leƙa bayan sakatariyoyi da asibitoci a jihohinmu ya san yadda motocin da ba su tsufa ba ke zama a kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Idan motar ɗaukar marasa lafiya ce ko ta masu rigakafi ko ta masu duba makarantu, to, ba ƙarfe kaɗai ya tsaya ba. A halin da wasu sassan jihar ke ciki na rashin tsaro kuma, mutuwar mota a daji bayan magariba ba ƙaramin abu ba ne.

Ga ma'aikacin da ya ci bashi ya sayi tasa, lissafin ya fi zafi. In inji ya ƙone, sai a ja motar zuwa Sakkwato, daga nan a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas a nemo wani injin na hannu, wanda shi ma ba a san tarihinsa ba, a ɗora shi, a cire masa tamostat, a ɗura masa ruwan rijiya. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

Ba na ganin laifin bakaniken Boɗinga ko na Shagari yadda wasu ke gani. Mutum ne da ya koyi aiki da kunne da hannu, kuma da wannan basira ya riƙe motocin da masu su na asali suka daɗe da jefarwa. Amma motar yau da na'ura take magana, sai an jona mata kwamfutar bincike ta faɗi inda ke mata ciwo, littafinta kuma da Turanci yake, in ma ya iso tare da ita. Ba a koya masa ba, ba a ba shi kayan aiki ba, wutar lantarkin ma ba ta zama. A nan ne makarantun fasaha na jihar, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato, da Asusun Horar da Ma'aikata na Tarayya wanda aka kafa tun 1971, suke da aikin yi. Kwas na mako biyu ko uku, da Hausa, ga kanikawa da direbobin ƙananan hukumomi, a kan ruwa da murfi da tamostat da karanta na'ura, ba zai ci kuɗin jif guda ba. Ɗalibanmu masu karatun injiniya, waɗanda ke neman abin da za su rubuta a shekarar ƙarshe, ga aiki nan a ƙofar gida: a ɗebo ruwan rijiyoyin da ke bakin wannan hanya a auna, a ga abin da yake yi wa alminiyam. Ita kuwa gwamnati, tun da Dokar Sayen Kayayyakin Gwamnati ta 2007 ta ba da damar gindaya sharuɗɗa a cikin kwangila, sai ta riƙa sa ɗan kwangila ya kawo mota tare da kayan gyaranta da ruwan maganinta da horon direbanta, a rubuce, kafin a biya shi.

Kafin a kai ga haka, direban da fitilar zafi ta kama masa tsakanin Boɗinga da Shagari ya kashe na'urar sanyaya ciki, ya sauka gefe ya kashe inji nan take, kada ya ce bari in lallaɓa in kai gari. Kada ya buɗe murfin lagireto sai bayan rabin awa ko fiye, domin ruwan da ke ciki ya wuce zafin tafasasshe, kuma fuska yake nufa. Kada kuma ya kwarara ruwan sanyi a kan inji mai zafi. In tilas ta sa ya ƙara ruwa zalla don ya isa gida, to, a zubar da shi a cikin makon a sa na magani, a kuma nemo inda na farkon ya bi ya fita.